Ya bar sigari shekara 12 amma haki sai ƙaruwa yake, to wa ke ci gaba da cin huhun?

Akwai wani kawuna tsohon direban babbar mota, ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin Kano da Legas, a lokacin kwali ɗaya ba ya kai masa yini in yana kan hanya, wai ita ke hana shi gyangyaɗi. Shekara 12 kenan da ya ajiye ta, tun wani azumi da ya yi rantsuwa kuma Allah ya taimake shi ya cika. Amma yanzu daga ƙofar gida zuwa masallaci, tafiyar da yaro zai yi a minti biyu, sai ya tsaya sau biyu, ya dafa gwiwoyi, ya tsuke baki yana fitar da iska a hankali kamar mai hura koko. Ran nan na same shi bisa dakali yana wannan hakin, da ya ɗan dawo hayyacinsa sai ya ce min "kai ɗan nan, kai da ka yi boko, abin nan na bar shi tun kana sakandare, to me kuma ke ci na har yanzu?" Na ce Kawu wallahi tambayar nan taka ita ce masu bincike suka fi shekara 50 suna kai-kawo a kanta.

Cutar likitoci na kiranta COPD, wato toshewar hanyoyin numfashi wadda ba ta warkewa. Mu a nan duk wanda ke haki sai mu ce asma ce, shi ma Kawu shekaru ya yi yana karɓar maganin tari a kemis da sunan asma, alhali ba ɗaya ba ne, mai asma ƙirjinsa na sarƙewa ya sake, wannan kuwa kullum tana nan kuma gaba take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 ta kashe mutum kusan miliyan 3 da rabi, ita ce ta huɗu a jerin abubuwan da suka fi kisa a duniya, amma ka tambayi mutum goma a majalisa da ƙyar ka samu ɗaya da ya taɓa jin sunanta.

Sai an san yadda huhun yake kafin a gane ɓarnar. Ɗauki bishiya ka juya ta kai ƙasa, maƙogoro shi ne gindin, sai ya rabu biyu, kowane ya sake rabuwa biyu, haka har kusan sau 23, a ƙarshen rassan sai wasu mitsi-mitsin buhunan iska da ido ba ya gani, an ƙiyasta sun kai miliyan 480 a jikin babban mutum. In da za a buɗe su a shimfiɗa za su rufe wajen murabba'in mita 70, ka ce ɗaki biyar kenan irin 12 da 12 ɗin nan, duk a ƙirjin mutum ɗaya. A nan jini ke karɓar oksijin. Bangon buhunan kuma an saƙa shi da wani zare mai danƙo da ake kira elastin, shi ke sa huhu ya dawo da kansa bayan ka shaƙi iska, kamar balan-balan da ka hura ka saki, shi ya sa lafiyayyen mutum ba ya wani ƙoƙari wurin fitar da numfashi. In zaren nan ya lalace huhu sai ya zama kamar tsohuwar robar wando da ta saki, iska ta shiga ta ƙi fita, ƙananan hanyoyin kuma su maƙale da juna in mutum ya zo fitarwa. Tsuke bakin da Kawu ke yi babu wanda ya koya masa, jikinsa ne ya gano cewa in ya rage ƙofar fita iskar za ta tokare hanyoyin su zauna a buɗe.

To wa ke cin zaren? Yawancinmu muna zaton hayaƙin ne ke ƙona huhu kai tsaye kamar yadda yake baƙanta rufin kicin. Yana da nasa laifin babu shakka, sinadarai sama da 7,000 ne a cikinsa, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Mutum na shaƙar iska wajen lita 10,000 a rana, da ƙurarta da ƙwayoyin cutarta, don haka huhu na da masu tsaronsa. Akwai wasu siraran gashi a bangon hanyoyin iska masu kaɗa majina zuwa sama dare da rana, hayaƙin sigari na sa su sanƙare, shi ya sa mashayi ke tashi da tarin safe yana kakaro abin da ya taru. Can ƙasa cikin buhunan kuma akwai wata ƙwayar garkuwar jiki mai suna makrofaj, ma'anar sunan ma mai-ci-da-yawa, aikinta shara, duk abin da ya faɗo ta haɗiye. In abu ya fi ƙarfinta sai ta yi kururuwa da wasu sinadarai, sai nutrofil su fito daga cikin jini, su ne suka fi yawa a fararen ƙwayoyin jini kuma su ba su san lallashi ba, kamar 'yan sintirin da aka kira da tsakar dare aka ce ɓarawo ya shigo. Makaminsu wani sinadari ne mai narka nama da ake kira elastes. Da shi suke farfasa ƙwayoyin cuta, amma shi bai san bambancin ɓarawo da katangar gida ba, elastin ma narka shi yake yi.

Yadda aka gano wannan labari ne mai daɗi. A 1963 a birnin Malmo na ƙasar Suwidin wani likita Carl-Bertil Laurell yana duba gwajin jinin mutane wajen 1,500, sai ya lura biyar daga ciki ba su da wani furotin da kowa ke da shi, ya sa ƙaramin abokin aikinsa Sten Eriksson ya bi sawun mutanen, sai ga shi uku daga cikin biyar ɗin buhunan huhunsu sun yage tun suna da sauran ƙuruciya. Furotin ɗin shi ne alfa-1 antitiripsin, hanta ke yin sa, aikinsa ya kama elastes ya ɗaure kada ya wuce gona da iri. Ba a jima ba, a tsakiyar shekarun 1960, wani mai bincike a Amurka Paul Gross ya zuba wa ɓeraye papain a huhu, wato sinadarin da ke cikin ɗanyar gwanda, wanda duk wadda ta taɓa sa ɗanyar gwanda ko ganyenta don nama mai tauri ya yi laushi ta san aikinsa. Huhun ɓerayen ya yage irin yagewar da ake gani a tsofaffin mashaya, babu hayaƙi ko ɗaya. Da aka haɗa biyun sai lissafi ya fito, akwai mai narkarwa akwai mai riƙe shi, in mai narkarwar ya rinjaya huhu ya tafi. Sigari kuma ta bangare biyu take cuta, tana kiran 'yan sintirin su yi ta zuwa kullum, sannan hayaƙin na lalata shi alfa-1 ɗin da ya kamata ya riƙe su. An ƙara wa mahaukaci sanda an kuma ɗaure mai riƙe shi.

Shekaru ana ɗora laifin kan nutrofil kaɗai, ita makrofaj ana mata kallon baiwar Allah mai shara. Amma tun 1974 an samu alama, wasu likitoci a Amurka su Niewoehner suka duba huhun matasan da suka mutu farat ɗaya ba a gadon jinya ba, sai suka ga mashaya a cikinsu, samari da ba su taɓa kukan numfashi ba, tuni makrofaj masu launin ƙasa-ƙasa sun cunkushe a ƙananan hanyoyin iskarsu. Sai 1997 a birnin St. Louis, ɗakin binciken Steven Shapiro, aka samar da ɓeraye da aka cire musu wani sinadarin narkarwa na makrofaj mai suna MMP-12, aka riƙa ba su hayaƙin kara biyu a rana, kwana shida a mako, har wata shida (ni dai ina tausayin ɓerayen nan, ko na tasha ba ya shan taba da irin wannan tsari). Ɓerayen da ba a taɓa ba huhunsu ya yage, waɗanda aka cire wa sinadarin kuwa bai yage ba duk da hayaƙi ɗaya suka sha. Kaga kenan hayaƙin shi kaɗai bai isa ba, sai da hannun 'yan gida.

Yanzu ga tambayar Kawu, in an daina me ya hana su kwanciya? An duba huhun mutanen da suka daina shekaru da yawa, waɗanda cutar ta riga ta kama, aka tarar kumburin, wato wannan faɗan da garkuwar jiki ke yi a huhu, na nan daram, kuma bayanin da ake da shi ba guda ɗaya ba ne. Na farko, guntattakin elastin ɗin da aka narka su kansu suna kiran wasu makrofaj ɗin, su zo su ƙara narkawa, guntattaki su ƙaru, abu ya zama yana ciyar da kansa ba ya buƙatar sabon hayaƙi. Sannan makrofaj ɗin mai wannan cuta yawa gare su amma aiki babu, ba sa iya haɗiye ƙwayoyin cuta yadda ya kamata, ba sa iya kwashe gawar nutrofil da suka mutu, gawar ta fashe ta zubar da sauran elastes ɗin da ke cikinta. Bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga, ƙwayoyin cuta su yi zamansu a hanyoyin iska, kowane sanyi ko mura su tayar da sabon rikici, shi ya sa hunturu ke zame wa irin su Kawu bala'i, sati biyu yana kwance kaki ya koma kore, in ya tashi kuma bai cika komawa inda yake da ba. Ga baƙin toka mai laushi da ke cikin hayaƙin, jiki ba ya iya narka shi, yana zaune cikin ƙwayoyin garkuwar yana tsokanarsu.

Wanda ya fi ɗaure kai shi ne shigowar manyan dakarun, wato ƙwayoyin T da B, waɗanda su ba sa fita yaƙi haka nan sai sun san fuskar abokin gaba, su ne masu tuna rigakafin da aka yi maka tun kana jariri. A 1998 Marina Saetta da abokan aikinta a Italiya suka nuna wani nau'in T mai kisa, CD8, ya yi yawa a ƙananan hanyoyin iskar mashayan da suka kamu. A 2004 James Hogg a Kanada ya nuna cewa in cutar ta yi nisa ƙwayoyin B na taruwa su yi dunƙule-dunƙule a bangon hanyoyin, kamar sojan da ya zo sintiri na kwana biyu ya ƙare da gina bariki. To wa suke yaƙa? Wasu suka ce ƙwayoyin cutar da suka zauna ne. Wasu, musamman ɗakin binciken Farrah Kheradmand a Houston a 2007, suka ce ai elastin ɗin mutum ne da kansa, wato hayaƙi ya sauya masa kama har garkuwar jiki ta daina gane shi ta ɗauke shi baƙo. Bayanin na da daɗin ji kuma ya dace da abin da Kawu ke ciki, amma wasu da suka sake gwadawa a nasu majinyatan ba su samu sakamako iri ɗaya ba, har yau ana ja. Ni a ganina waɗanda ke neman mai laifi guda ɗaya su ne za su daɗe suna nema, cutar ta fi kama da rikicin unguwa da aka manta wa ya fara.

Shi Hogg ɗin nan tun 1968 shi da abokansa suka nuna cewa toshewar a hanyoyin da ba su kai faɗin milimita 2 ba take, kuma a 2011 da aka samu na'urar hoto mai ganin ƙananan abubuwa ɗakin bincikensa ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a huhunan da aka cire lokacin dashe, aka ga a wasu kusan kashi 90 cikin 100 na hanyoyin ƙarshe sun ɓace ɓat, kuma ɓacewar na riga yagewar buhunan. Da yake suna da yawa mutum zai yi ta asararsu shekara da shekaru bai ji komai ba, ranar da ya fara haki a bene an riga an yi nisa.

Na san wani zai ce ai Malam wane ya sha taba har ya kai 90 ko tari ba ya yi. Gaskiya ne ana samu, ba duk mashayi ke kamuwa ba, Charles Fletcher da Richard Peto sun nuna haka tun 1977 bayan sun bi ma'aikata maza 792 a Landan na shekara takwas suna auna numfashinsu, wasu ƙarfin huhunsu na gangarowa da gudu wasu kuma kusan daidai da wanda ba ya sha. Sai dai babu alamar da za ta gaya wa saurayi a wane layi yake, kuma wanda ya tsallake wannan bai tsallake ciwon daji da ciwon zuciya ba. Abin da mutum ya gada wurin iyaye ma na cikin dalilan. Akwai kuma abin da wani babban bincike ya fito da shi a 2015 wanda ni a wurina ya fi shafar mu, kusan rabin masu cutar ba gangarowa da gudu huhunsu ya yi ba, tun farko ne bai kai cikar girmansa ba. Huhu na gama girma ne wajen shekara 20 zuwa 25, duk abin da ya tauye shi kafin nan, tamowa ne, nimoniya ce ta yarinta, hayaƙi ne, to mutum ya fara tafiya da rabin guzuri.

Hayaƙi kuwa mu ba na sigari kaɗai gare mu ba. A ƙasashe masu arziki taba ce ke jawo sama da kashi 70 na cutar, a irin namu kuwa kashi 30 zuwa 40 ne, wani babban kaso daga murhu yake. Tuna kicin ɗin gidanku da damina, itace ya jiƙe, Inna ta duƙa tana hurawa idonta na zubar da hawaye, ɗan taga guda ɗaya an toshe da kwali saboda feshi, ga goyo a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa, safe da yamma shekara 30. Ko mai ƙosai da mai waina a bakin titi. Makrofaj ɗin da ke huhunta ba ta tambayar ko wannan baƙin daga kara ya fito ko daga icen maina. Ga tibi, wanda ko an warke yakan bar tabo da toshewa. Wani bincike da aka yi a Ile-Ife da na'urar auna numfashi ya samu kusan kashi 7.7 na 'yan shekara 40 zuwa sama da irin wannan toshewar, a garin da mashaya ba su da yawa. Amma kusan duk abin da na lissafo a sama a jikin Turawa mashaya sigari da ɓeraye aka gano shi. Rashin alfa-1 ɗin nan ma na gado ya fi yawa ne a mutanen arewacin Turai, a baƙar fata da wuya. Ɓera kuma huhunsa ba irin namu ba ne, ba ya tarin majina irin na mutum, shi ya sa magani kan yi abin mamaki a ɓera ya zo kan mutum ya faɗi warwas. Su kuma 'yan shisha da ke cewa ai ruwa na tace ta, zaman awa ɗaya hayaƙin da ake zuƙa ya ninka na kara ɗaya sau da yawan gaske, ga na gawayin a kai.

Batun magani shi ne inda abin ke ba da takaici. Tunda an san garkuwar jiki ce ke ɓarnar ai sai a kwantar da ita ko? Maganin kumburi na sitiroyid da ke yi wa mai asma aiki kamar yankan wuƙa, a nan ɗan kaɗan yake yi, masu bincike a Landan su Peter Barnes sun nuna hayaƙi na rage wani sinadari HDAC2 wanda sai da shi maganin ke iya kashe wutar, ga shi kuma maganin yana ƙara haɗarin nimoniya. An gwada magungunan toshe elastes ba su kai labari ba. An gwada masu hana nutrofil zuwa, to ka kori 'yan sintiri ai ɓarayi ka yi wa gata, garin gyaran gira a rasa ido. An gwada infliximab da ke aiki a ciwon gaɓɓai, a 2007 sakamako ya fito babu amfani.

Inda aka ɗan dace shi ne da aka daina kallon masu cutar a matsayin abu ɗaya. Wani kaso cikinsu wata ƙwayar garkuwa ce daban, iyosinofil, ke da yawa a jininsu, irin wadda aka fi sani a asma, kuma su ne sitiroyid na shaƙa ya fi yi wa amfani. A kansu aka gwada allurar dupilumab, wadda dama ana ba masu asma da ƙaiƙayin fata, aka zaɓi waɗanda ƙirgen iyosinofil ɗinsu a gwajin jini ya kai 300 zuwa sama, ta rage tashin cutar da kusan kashi 30, a watan Satumban 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita. Duk sati biyu ake yi, tsadarta kuwa ba ta tsohon direba ba ce, kuma ko ita ba ta dawo da buhun da ya yage.

Abin da na gaya wa Kawu shi ne rantsuwar nan tasa ba ta tafi a banza ba. A wani bincike na Amurka da Kanada da ya bi mashaya 5,887 da cutar ta fara taɓawa, waɗanda suka daina gangarowar huhunsu ta koma kusan rabin ta waɗanda suka ci gaba, wato da bai ajiye ba da yanzu ba zancen masallaci ake ba, zancen silindar oksijin ake. Ya yi shiru, sai ya ce "to Alhamdulillahi, amma da na san haka ne da tun a Legas na jefa ta a teku."

Makon jiya muka kai shi aka yi masa gwajin hura iska, aka matse masa hanci aka ba shi bututu ya cika ƙirji ya busa da iya ƙarfinsa, ma'aikaciyar na ta cewa Baba ci gaba, ci gaba, kar ka tsaya, har sai da jijiyoyin wuyansa suka fito. Abin da ake dubawa shi ne nawa ya fita a daƙiƙar farko cikin duk abin da ya iya fitarwa, in bai kai kashi 70 ba ko bayan an shaƙa masa maganin buɗe ƙirji to toshewar ta tabbata, nasa bai kai ba. Likitan ya sa shi ya nuna yadda yake amfani da inhela, abin fesa maganin nan da ake shaƙa, ashe duk shekarun nan fesawa yake a baki ya haɗiye kamar turare, aka koya masa daga farko. Sannan ya rubuta gwajin jini na ƙirge, ya ja layi a ƙarƙashin iyosinofil, jibi za mu koma da takardar.